Tambaya da Amsa: Jaririyata ba ta ƙara nauyi, girarta kuma a haɗe

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata wata biyar gare ta. Cikin ya cika wata tara, amma da kilo 2.1 aka haife ta. Girarta a haɗe take, gashin idonta zara-zara, kanta ƙarami, ga gashi kwance a gadon bayanta. Kullum cikin tumbiɗi take, nauyi ya ƙi ƙaruwa. Surukata ta ce a kira wanzami ya cire mata beli. Ina mafita? Daga wata uwa a Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya ta. Da farko dai, kada a kira wanzami. Beli ba shi ne ke hana ta girma ba, cire shi kuma yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ga yarinyar da ma ba ƙarfi.

Ba a gane ciwo ta wasiƙa, kuma haɗaɗɗiyar gira ita kaɗai ba ciwo ba ce, masu lafiya da yawa suna da ita. Sai dai haɗuwar alamomin nan wuri guda yana sa likita ya yi tunanin lalurar Cornelia de Lange, wadda aka sa wa sunan likitar yara 'yar ƙasar Holan da ta bayyana ta a 1933. Ana samunta a kusan haihuwa ɗaya cikin 10,000 zuwa 30,000. Ki duba ko hancinta gajere ne mai ɗage baki, leɓen sama siriri, gefen baki ya karkata ƙasa, hannaye ƙanana, ƙaramin yatsa a lanƙwashe. Wasu ana haifarsu da yatsu ba su cika ba, wasu da tsagaggiyar ganda.

Sanadinta canji ne a ƙwayar halitta, galibi wadda ake kira NIPBL, kuma yawanci a jikin yaron yake farawa, ba gado ba. Ba abin da kika ci ba ne, ba kuma iska ko sammu ba. Da wuya ta maimaitu a haihuwa ta gaba.

Mutane fuskar suke kallo, mu kuwa tumbiɗin ne ya fi tayar mana da hankali. Nono yana dawowa daga ciki da ruwan tsami, ya ƙona maƙogwaro, yarinya ta riƙa banƙarewa tana kuka tana ƙin mama. In ta ƙware ya shiga huhu, sai ciwon huhu ya riƙa dawowa. Ki ba ta nono kaɗan-kaɗan amma akai-akai, ki saɓa ta a kafaɗa minti 20 zuwa 30 bayan ta sha, ki kwantar da ita rigingine lokacin barci. A bar jiƙo da ɗauri. Likita na iya rubuta maganin rage tsamin ciki, ko ya sa mata siririn bututun abinci ta hanci in nauyin ya ci gaba da tsayawa.

Ki ɗauki katin awonta ku je sashen yara na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja. Ki nemi a yi hoton zuciya da na ƙoda, a duba ido da ganda, a kuma gwada jinta, domin raunin ji ya yawaita a cikin masu wannan lalura kuma yana ƙara jinkirta magana. Zama da tafiya za su iya makara. Gashin ƙashi na asibiti, wato motsa gaɓoɓi a hannun ƙwararru, tun da wuri yana taimakawa.

In ta yi amai kore, ko cikinta ya kumbura, ko numfashi ya yi sauri, ko leɓe ya yi shuɗi, ku nufi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Koren amai na iya zama alamar murɗewar hanji, wanda sai an yi tiyata da gaggawa.