SG ko mai tiredi: wane karanshaf ya dace da motar rimot ɗinka?

Tambaya: Injin motata ta rimot mai shan man naitiro ya gaji, ina so in yi odar sabo. Na ga iri biyu: ɗaya an rubuta SG, ɗayan karanshaf ɗinsa mai tiredi ne, kuma ya fi araha. Ba duk ɗaya ba ne?

Amsa: Malam, kafin ka tura kuɗi, kwance kuloci ka dubi hancin karanshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa, wanda ya leƙo daga gaban tsohon injin. A nan bambancin yake. Na SG tiredinsa gajere ne, iya inda notin da ke danne filawil zai kama. Daga nan sai sandar ta zama sumul, kaurinta milimita 5, kuma a kanta boris ɗin ƙararrawar kuloci (ƙoƙon ƙarfe mai haƙoran giya da ke rufe kuloci) ke juyawa. Can ƙarshe akwai rami da ake ɗaura ɗan sukurun da ke tare ƙararrawar. Mai tiredi kuwa tiredi ne har baki, sai an ɗaura masa wani noti mai ɗauke da tasa sandar kafin kuloci ya zauna.

Wannan ƙarin notin shi ne damuwata. Injin da ke wuce juyi 30,000 a minti ɗaya ba ya yafe karkata ko ta gashin kai ce: ƙararrawa ta fara rawa, boris ya ci kansa, haƙoran giya su bi baya. SG ƙarfe ɗaya ne, babu mahaɗar da za ta goce. Shi ya sa kusan duk injinan .21, masu 3.5cc da ake sa wa motocin tsere na 1/8 (kashi ɗaya cikin takwas na girman motar gaske), da shi suke zuwa. Amma idan da mai tiredi aka ƙera motarka, SG na iya ƙin daidaita da giya sai ka sauya filawil da kuloci, wani lokaci har da mazaunin inji. Lissafa wannan kafin ka ce wani ya fi araha. Masu motocin kamfanin Traxxas su lura, nasu karanshaf mai haɗe da sanda, IPS kamfanin ke kiransa.

Tambaya: Zan iya sa igiyar ja a injin da ake tayarwa da akwatin tashi, wato akwatin da ake ɗora motar a kai ya juya filawil?

Amsa: Sau da yawa a'a. Na igiya akwai ɗan tsini ko gurbi a ƙarshen fil ɗin karanshaf wanda sandar tashi ke kamawa ta murfin baya, na akwati ba shi da shi. Ka sayi wanda aka yi don igiya tun farko.

Tambaya: Karanshaf ɗin da ake kira turbo, da mai silikon a ciki, sun cancanci kuɗinsu?

Amsa: Karanshaf ɗin waɗannan injina rami ne a ciki. Mai da iska daga kafireto ta wata taga a jikinsa suke shiga, su bi ramin zuwa cikin inji. Yankan turbo da cikon silikon duk don hanyar ta yi santsi ne, wasu kuma ana dasa musu ƙarfen tangistin don rage jijjiga. Ɗan tsere mai neman ragin daƙiƙa zai amfana. Kai da ke wasa a fili ranar Asabar, da wuya ka ji bambanci. Gara ka sayi matatar iska mai kyau da man da ake ɗigawa bayan an kashe inji, domin methanol na jan danshi, kuma tsatsa kan kama karanshaf da boris ɗin baya idan mai ya kwana a ciki.