Tambaya da Amsa: Filastar 'yan wasa mai talewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga ƙwallo, kuma gwiwata tana min ciwo a kewayen ƙoƙo, musamman wajen saukowa daga bene. Na sayi filastar nan mai launi da 'yan wasa ke liƙawa, na ja ta sosai na manna. Washegari fatar ta yi bororo a bakin filastar. Ko jabu aka sayar min?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da wuya a ce jabu ce. Bororo a daidai baki yana nuna ka tale ta har ƙarshe, ta kwana tana jan fata. Bari wurin ya warke sarai kafin ka sake.

Filastar auduga ce da zaren roba, ga gam a bayanta wanda ɗumi ke sa shi kamawa. Wani Bajapane, Kenzo Kase, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970, ta yi suna a gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Launinta ado ne kawai.

Wanke wurin da sabulu ya bushe, ka rage gashi da almakashi. Kada ka shafa mai. Basilin ɗin da ake lafta wa ƙafa da hunturu shi ke sa ta ɓare tun kafin azahar. Yanki guda biyu, kowanne kamar santimita 25, ka zagaye kusurwoyin don kada wando ya ɗago su. Zauna ka lanƙwasa gwiwar. Manna santimita 5 na farko a ƙasan ƙoƙo ba tare da ja ba, ka bi gefen ƙoƙon zuwa cinya da ja kaɗan, kamar kwatar iyakar talewarta, sannan ka kwantar da santimita 5 na ƙarshe sakayau. Ɗaya yankin ya bi ɗaya gefen. Goga da tafin hannu, ka jira awa ɗaya kafin wasa ko wanka. Takan yi kwana 3 zuwa 5. Mai yawan zufa ba zai kai haka ba. Wajen cirewa, jiƙa ta da mai, ka danne fata, ka bi kwanciyar gashi a hankali.

Amma mu faɗa maka gaskiya: sauƙin da take kawowa kaɗan ne, kuma ba ya daɗewa. Abin da ya fi magance irin ciwonka shi ne atisayen ƙarfafa tsokar cinya da ta ƙugu na makonni. Je ka ga likitan fisiyo, wato mai jinyar tsoka da gaɓoɓi ta hanyar atisaye. In gwiwar na kumbura, ko maƙalewa, ko sulluɓewa, kada ka jinkirta.

Tambaya: Mahaifiyata tana da ciwon suga, ga ciwon idon sawu. Zan iya manna mata?
Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Kada a manna sai an duba ta. Suga kan kashe jin ƙafa, filasta ta ci fata ba ta sani ba, kuma gyambon mai suga yana wuyar warkewa. Haka ba a sa ta kan rauni ko ƙuraje. In sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, tana zafi da ɗumi, yana iya zama gudan jini ne a jijiya, a kai ta asibiti a ranar.