Gashina Ya Ƙi Tsawo, Na Gaban Goshi Kuma Yana Cinyewa

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekara uku ke nan gashina yana nan inda yake. Kullum ina shafa mai, ba na rabuwa da kitso, amma duk ranar tsifa sai mataji ya cika. Yanzu kuma na gaban goshina ya fara cinyewa. Don Allah wane mai zan saya?

Amsa: 'Yar'uwa, ki dakata da sayen mai tukuna, don ba a nan gizo ke saƙar ba. Gashinki yana fitowa. Gashin kan mutum yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata, kusan santimita 12 ke nan a shekara. Idan shekara uku ta wuce ba ki ga bambanci ba, galibi abin da ke tsirowa daga tushe ne yake karyewa a baki.

Ranar tsifa mai zuwa, ki shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, ki zare gashin da ya maƙale a mataji ki dube shi da kyau. Silin da ya fito dogo da ɗan farin ƙulli a gindinsa, wannan ya gama wa'adinsa ne ya faɗi. A kan mutum akwai sili wajen 100,000, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Wadda ta yi wata guda da kitso, duk na kwanakin nan yana riƙe a ciki, rana ɗaya zai fito, shi ya sa yake tayar da hankali. Amma idan guntaye kika gani birjik a kan ƙyallen, babu ƙulli, to karyewa ce.

Gashi mai murɗe-murɗe yana saurin bushewa, saboda maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har bakinsa. Mai kuwa ba ya jiƙa gashi, danshin da ya tarar yake tsarewa. Don haka ruwa ne farko. Ki wanke kai da shamfu duk mako ɗaya ko biyu, ki cuɗa fatar da tafin yatsu, ban da farce. Ki bi da kwandishana, ki raba gashin kashi huɗu, ki warware shi da yatsu, sannan ki sa mataji mai manyan haƙora, kina farawa daga baki kina hawa zuwa tushe. Man ya zo daga ƙarshe, ɗan kaɗan, gashin da sauran laima. Da dare ki ɗaure kai da ƙyalle mai santsi irin satin, domin auduga tana tsotse danshi tana kuma goge gashi. Idan kina sa rilaksa, wato man miƙar da gashi, sabon tsiro kaɗai za ta taɓa, kuma kada tazarar sawa ta gaza mako 8.

Gaban goshin nan shi ya fi damuna. Gashin wurin siriri ne, shi kuma ake fizga a kama kitso. Na sha ganin mace ta shigo da sabon kitso, girarta ta ɗage sama, ƙananan ƙuraje sun jeru a bakin goshi, tana cewa ai kwana biyu zai saki. Wannan ciwon kan da ƙurajen alama ce cewa ana jan saiwar gashin fiye da ƙarfinta. Da farko idan aka daina, gashin yakan dawo cikin watanni. Idan aka shekara da shekaru ana yi, ramin da silin ke fitowa yakan mutu ya zama tabo, wurin ya yi sumul yana ƙyalli, kuma babu man da zai tsirar da shi. Ki gaya wa mai yi miki kitso ta sassauta hannu, ta bar na gaba ya huta. Kitson da ya hana ki barci a tsefe shi a daren, komai kyansa. Ki rage ƙananan kitso da ƙarin gashi mai nauyi, kada kuma kitso ya haura mako 6 zuwa 8.

Ba ki faɗi ko kin haihu kwanan nan ba. Wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, ko bayan zazzaɓi mai zafi, gashi yakan zuba da yawa sannan ya dawo da kansa. Ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo su ma suna sa shi zuba, gwajin jini ne ke nuna su. Idan akwai amosani, lafta mai a fatar kai ƙara shi yake yi. Shamfu mai ɗauke da maganin ketoconazole ake sawa, a bar kumfar minti 5 kafin a ɗauraye.

Ki ɗauki hoton goshinki yau, ki sake ɗauka bayan wata uku da sassauta kitson. Idan ba ki ga ƙananan gashi sun fara tsirowa ba, ko wurin yana zafi, ko kin ga wani fili zagayayye kamar kwabo, ki je wurin likitan fata ba tare da jinkiri ba.