Majajjawar korar jan-baki: yadda ake kitsa ta

Wani manomin shinkafa daga Auyo ya aiko da tambaya: jan-baki ya addabi gonarsa tun da shinkafa ta fara nono, kuma majajjawar da yaransa ke haɗawa da zaren buhu da ƙyalle ba ta kwana uku sai ta tsinke. Yana son a faɗa masa yadda ake yin mai ƙarko.

Malam, Allah ya ba da amfani mai albarka. Ciwon majajjawar yaranka yana wurin ƙulli. Duk inda aka ɗaura ƙyalle a jikin igiya, nan take yankewa. Don haka ka kitsa ta gaba ɗaya da igiya zalla, har da mazaunin hogen.

Samo rama wadda aka jiƙa aka ɓare, ko ɓawon kuka. Tufka siraran igiyoyi uku, kowace gaba biyu da rabi, don kitso yana cin tsawo. Haɗa su, ka nemo tsakiyarsu, ka yi kitson uku kamar rabin taƙi a wurin. Lanƙwasa shi ya zama zoben da yatsanka na tsakiya zai shiga. Yanzu igiyoyi sun zama shida. Riƙe su bibbiyu ka ci gaba da kitso har tsawon ya kai daga kafaɗa zuwa yatsu.

Saura mazaunin hogen: a nan aikin yake, kada ka yi gaggawa. Raba shidan nan uku-uku, ka kitsa kowane ɓangare daban, tsawon tafin hannu da ɗan ƙari. Dole su zo daidai, ka riƙa gwada su gefe da gefe. In ɗaya ya fi ɗaya ko da ɗan kaɗan, hoge zai riƙa zamewa ya faɗo bayan mai jifa, ko ya tafi inda ba a nufa ba. In sun daidaita sai ka sake haɗa su, ka kitsa ɗaya hannun. Wannan kuwa ka riƙa rage igiya ɗaya-ɗaya yana sirancewa, ka yi ƙulli inda ya yi daidai da zoben, ka bar jela kamar taƙi guda. Jelar nan ce ke yin ƙara irin ta bulala idan an saki, kuma ƙarar ta fi jifan kansa tayar da tsuntsu.

Wani kuma daga Kura ya tambaya ko igiyar leda za ta yi. Za ta yi, amma tana da santsi a hannu mai gumi, rana kuma tana cinye ta. Ni rama na fi so.

Abin jifa: mulmula laka kamar ƙwan kaza, a shanya ta bushe. Kada a sa dutse. Yana fasa kan mutum, kuma in ya shiga cikin shinkafa sai ya lalata injin casa.

Jan-baki ya fi sauka da sassafe da kuma bayan la'asar, sai a tsananta tsaro a waɗannan lokuta, yaro ma ba ya rasa makaranta. Mai jifa ya tsaya a kan tudu ko kunya mai tsayi, ya duba bayansa kafin ya juya, kuma kada yara biyu su tsaya kusa da juna. In garken ya yi yawa har ya rufe sama, majajjawa ba za ta iya ba. Ku haɗu da maƙwabtan gona ku kai rahoto wurin malamin gona, a nemo inda suke kwana a cikin kacalla.