Haƙori ke ciwo, mi ya kawo sikanar na hanci?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Haƙorina na turmi na sama ɓangaren dama ya ruɓe, ya kai wata 4 yana damuna, kuma hancina na gefen nan kaɗai ke toshewa yana fidda majina mai wari, in na duƙa sujada sai in ji kuncin ya yi nauyi. Na je a cire, dantis ya yi mini radiyo panoramik ya ce ba zai taɓa ba sai na je Yamai na yi sikanar. Don Allah ba cin kuɗi ba ne kuwa? Daga wata mai karatu a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ƙara sauƙi. Gaskiya ina bayan dantis ɗinki. Cikin ƙashin kunci, dama da hagu, akwai kogon iska da ake kira sinus, na babban mutum yana ɗaukar kamar mililita 15, cokalin cin abinci guda ke nan. Saiwar turamen sama tana daf da ƙasan kogon, a wasu mutane ma ɗan siririn ƙashi ne kawai ya raba su, to in haƙori ya ruɓe har saiwa sai ƙwayoyin cuta su haura, ya zama sinizit, wato kumburin kogon. Sanyin hunturu da ƙura galibi hanci biyu suke kamawa, naki kuwa gefe guda ga wari, shi ya sa ake zargin haƙorin.

Panoramik hoto ne shimfiɗe, ƙasusuwa suna hawa kan juna, sai a ga kamar saiwa ta shiga kogon alhali kusa da shi kawai take, ko akasin haka. Sikanar, ko kon bim da aka ƙera don haƙora, yana nuna wurin yanka yanka ta kowane ɓangare, a ga kaurin ƙashin, a ga ko fatar cikin kogon ta kumbura ko mugunya ta taru. Hasken radiyo da yake ratsa jiki da shi ya fi na panoramik yawa, don haka ba a yi wa kowa, kuma in kina da juna biyu ki faɗa tun kafin a fara.

In aka cire a makance ana iya barin ɓula tsakanin baki da kogon, ki kurɓi ruwa ya fito ta hanci. Ki tafi da panoramik ɗin a hannu, ki nemi ganin likitan hanci da kunne ma in kin shigo Yamai, bayan an cire kuma banda face majina da ƙarfi har kamar sati 2.