Ku Tambayi Malam: Wane littafi za mu karanta a dogon hutun nan?

Tun da makarantu suka ba da dogon hutu saƙonnin da ke shigo mana kusan duk kan magana ɗaya suke, wato littafi. Na ɗauko uku, sauran ku yi haƙuri, ina jin za ku ga taku amsar a ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki ya iyali. Ni uwa ce, yarana uku, babbar shekararta 15, na tsakiya 12, autan 8. An ba su hutu sai watan Satumba za su koma, tun da suka dawo ba abin da suke sai rigima kan wayata, wannan ya karɓa wancan ya ƙwace, kuɗin data kuwa ba a magana. Bara na saya musu littattafan Turanci har biyar masu tsada, wallahi har yau suna cikin leda a saman wadrob. Dan Allah wanne zan saya musu bana wanda za su karanta da gaske? Wata uwa daga Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya mana su ya shirya su. Kafin in kira sunan littafi ko ɗaya bari in tambaye ki, waɗancan biyar ɗin da ke saman wadrob ke kin taɓa buɗe ɗaya kin karanta ko shafi biyu? Ba laifinki nake son gani ba, kusan dukkanmu haka muke yi, mu shiga shago mu ce a ba mu littafi mai kyau na yara, mai shago kuma ya miƙo wanda ya fi ƙyalli a bango mu biya mu tafi, alhali wani kyan ɗan maciji ne da shi. Ai ba kya zuba wa yara miya ba ki ɗanɗana gishirinta ba, toh littafi ma haka yake. Ki tsaya nan a shagon ki karanta shafi uku na farko, in kin ji ranki na son ki san me ya faru a na huɗu ki saya, in kuwa ke babba ma hamma kika fara to ɗan shekara 8 ba zai yi haƙurin da kika kasa ba.

Na Turanci kuma ga yadda za ki gwada. Ki ba yaron ya karanta miki shafi ɗaya a bayyane, in ya yi tuntuɓe da kalma huɗu ko biyar da bai sani ba a shafin nan kaɗai, littafin ya fi ƙarfinsa yanzu, ki adana sai baɗi. Ina kyautata zaton abin da ya sami naki biyar ɗin kenan.

Ni shawarata bana ki fara musu da Hausa. Kuma Hajiya ke da kike Zariya ai a garinku aka haifi littafin hira na Hausar boko. A 1933 Hukumar Fassara da ke nan Zariya a lokacin, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Yau sama da shekara casa'in kenan ba su daina karantuwa ba, kuma ƙanana ne, yaro mai son karatu zai gama ɗaya cikin kwana biyu ko uku, wannan gamawar kuwa ita ce take sa shi neman wani.

Na tsakiyan nan ɗan 12 ki ba shi Ruwan Bagaja. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, duk garin da ya sauka sai ya ci karo da Malam Zurƙe, wannan ya yi wa wancan tsiya wancan ya rama, yaro zai yi ta dariya shi kaɗai a ɗaki har ki leƙo ki ga ko lafiya. In ya gama ki bi masa da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin yaron da ya tashi ba ya iya tafiya daga baya ya zama jarumin da ba a ja da shi, yara maza na son sa ƙwarai.

Autan kuwa kar ki miƙa masa littafi ki juya, ki karanta masa. Magana Jari Ce ta dace da wannan sosai, littafi uku ne, na farko ya fito a 1937, kuma ginin nasa ma na dare-dare ne, aku ne yake ba Musa ɗan Sarki labari kullum don ya hana shi fita ya bi sawun yaƙi, kafin a ankara gari ya waye. Kinga ke ma aikin akun za ki yi, shi ya tsare Musa ke ki tsare su daga waya. Ni a haka na san littafin nan. Wani ƙanen mahaifinmu ne yake karanta mana a zaure lokacin damina bayan sallar isha, fitilar ƙwai a tsakiya, cinnaku da ƙwarin fitila na damunmu ba mai motsi, kwafin nasa ba bango, an ɗinke bayansa da zare baƙi, in ya zo kan Sahoro da Sahorama sai ya canja murya, kuma da gangan yake rufe littafin daidai inda labari ya yi daɗi ya ce sai gobe. Wallahi don in riga shi sanin ƙarshen labari na dage na iya karatun Hausa da kyau. Ki gwada haka in an ɗauke wuta, ki tsaya a inda ya yi daɗi ki ajiye littafin inda hannunsu zai kai, kar ki ce musu komai. Akwai kuma Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya in kin samu, shi ma na irin shekarunsa ne.

Babbar 'yar 15 ta isa a ba ta abin da zai taɓa mata zuciya. Shaihu Umar ne ya zo min, labarin yaron da aka sace zamanin cinikin bayi da uwarsa da ta bi hamada tana cigiyarsa, ni har yau in na zo wajen haɗuwarsu sai na ɗan ajiye littafin. Amma ki tafi da ita kasuwar, ke ki zaɓi ɗaya ita ta zaɓi ɗaya, wanda ta zaɓa da hannunta shi za ta fara gamawa. Abu guda dai nake roƙonki, kar ki mai da abin jarabawa, kar a ce sai an rubuto darasi biyar da aka koya, wata tara suna wannan a makaranta. Ki tambaye ta kawai wa ya fi ba ta haushi a labarin, za ki ji surutu.

TAMBAYA: Malam ina yini. Ni ɗaliba ce na gama aji biyar na sakandare, ina son karanta littattafan Hausa a waya, a WhatsApp da Wattpad, amma Babanmu ya ce duk ɓata tarbiyya ne in ya ƙara gani zai karɓe wayar. Ni kuma gaskiya wasu na karanta na ƙaru, wasu kuma na ji kunyar kaina. Ya zan gane mai kyau tun kafin in yi nisa? Wata ɗaliba daga Kano.

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika faɗi gaskiya. Babanku ba ƙarya ya yi ba, akwai rubutun da ke yawo a waya wanda bai kamata ko babba ya karanta ba balle ke, ba wanda ya tace shi, ana sakin sa shafi-shafi ne kuma wasu marubutan sun gane batsa ke sa a biya kuɗin shiga guruf. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, wake ɗaya ne ke ɓata gari. Wannan rigimar ma ta girme ki, tun da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano wajen ƙarshen shekarun 1980 ake ta, a 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a a nan Kano, amma a cikin waɗannan littattafan ne mata da yawa suka iya karatu a ɗakunansu, kuma a ciki aka faɗi abubuwan da ba a iya faɗa a zaure.

Ki nemi Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, yarinya ce aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole da tsoho, ta ƙi yarda rayuwarta ta ƙare a nan. Ki nemi Alhaki Kuykuyo Ne nata dai, kan Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya, ta riƙe su da sayar da abinci, wannan har Turanci aka fassara shi aka buga a Indiya a 2012. Akwai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980, akwai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, duk akwai soyayya a ciki kuma ba wanda zai sa ki ɓoye fuska.

Ma'aunin ma ai ke kika kawo shi da kanki da kika ce wasu kin ji kunya. Duk shafin da ba za ki iya karanta wa Ummanku a bayyane ba ki fita daga littafin nan take, kar ki ce bari in ga ƙarshe. Sannan ki lura da mutanen cikin labarin, in daga farko har babi na goma ba abin da ake sai lissafin motoci da gwala-gwalai da farin fata, ba wanda yake sana'a, ba wanda ya yi kuskure ya gane, to marubuciyar ba ta da abin faɗa, jan ki kawai take. Ki kuma duba ko an kammala littafin kafin ki fara, don wanda ake saki kullum shafi ɗaya shi ke sa mutum kwana riƙe da waya.

Game da Baba kuma kar ki yi gardama da shi. Ki samo na takarda guda ɗaya cikin waɗanda na ambata, ki kai masa da ladabi ki ce Baba dan Allah a duba min wannan ko ya dace in karanta. Uban da aka ba wannan girman da wuya ya hana.

TAMBAYA: Malam ni ma'aikaci ne, na sami hutun sati biyu zan je gida. Matsalata in na ɗau littafi shafi uku barci ya kwashe ni, na fara sun fi goma ban gama ko ɗaya ba. Wani magidanci daga Abuja.

AMSA: Alhaji gajiya ce ba wani abu ba, kwana biyun farko ka yi barcinka ka huta. Bayan nan ka daina ɗaukar littafi kana kwance bayan tuwon dare, ka ɗauka da safe bayan ka karya ko bayan la'asar a zaune, wayar kuma ka bar ta a caji a wani ɗakin. Littafi ɗaya za ka tafi da shi, sai ƙarami ɗaya na ko-ta-kwana, kar ka cika jaka. Ka fara da abin da ake gamawa a zama ɗaya, gajerun labarai irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, ko wasan kwaikwayo kamar Uwar Gulma, ko waƙoƙin Aƙilu Aliyu da ke cikin Fasaha Aƙiliya, su kuwa rera su za ka yi ba karantawa a zuci ba, ba mai barci yana rera waƙa. In labarin tafiya kake so tunda kai ma tafiyar za ka yi, Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam kan zuwansu Ingila a 1943 lokacin ana tsakiyar yaƙin duniya zai yi maka. Wanda ka yi shafi talatin bai kama ka ba ka ajiye shi ka ɗau na biyun, ba bashi ka ci ba. In ka isa gida kuma ka tambayi tsofaffin malaman firamare na unguwarku, da yawa suna da waɗannan littattafan a akwati, kuma za su ji daɗi a ce yau wani ya zo aro.