Matattun wayoyi da tsofaffin batir sun cika mini shago, ina zan kai su?

Alhaji, ka ce kwalin matattun wayoyi da caja da batir biyu na sola sun tare maka shago, har yaronka na cewa a ƙone. Don Allah kada a sa musu wuta, kada kuma a watsa su cikin kududdufi ko bola.

Batir ɗin sola su suka fi damuna. Dalma ce a ciki da ruwan asid. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, kuma illar ba ta gyaruwa. A Damagaram da muke sayen ruwa da jarka, awakinmu kuma na sha a tafkunan cikin gari, ba mu da ruwan da za mu ɓata. Ka mayar wa mai sayar da batir, ka nemi ragi a kan sabo, ka kai su a tsaye ba a fasa ba. Mai fasa batir da guduma a ƙofar gida, ga yara na wasa, kada ka sayar masa ko ya ƙara kuɗi.

Wayoyin kuwa, cire layi da memori, ka goge bayanan da ke cikin wadda take kamawa, ka kai wa masu gyara a Kasuwar Dole. Gilashi da lasifika da bakin caji duk suna ciro su su tada wata wayar. Batirin wayar da ya kumbura ka ware shi cikin gwangwani da yashi, a inuwa, domin yana iya kamawa da wuta.

Igiyoyin caja, a feɗe robar da wuƙa a fitar da jan ƙarfen. Hayaƙin ƙona su guba ne.